Hocen Da Ban Ci Ba

Duk wanda ya ce hocen Inna ne ya kumbura mini ƙafafu bai san abin da yake faɗa ba. Gwaggo ta faɗa, matan Nahuce sun faɗa, har direban da ke kawo mini kwanon ya sa baki, kuma dukansu sun yi kuskure. Ba zan tsaya kewaye-kewaye ba: hocen nan ban ci shi ba. Wata bakwai ana kawo mini shi duk ranar Juma'a, ko gutsure ban kai bakina ba. Ni na kai su ga kuskuren, don daga bakina ƙaryar ta fara fita.

Inna kakata ce ta wajen uwa. Ita ta raine ni a Nahuce tun ban iya tafiya ba, kuma a duk unguwarmu in ana maganar hoce gidanta ake nufi. Garin dawa take kwaɓawa da ɗan ruwan kanwa, ta bar shi ya kwana, da safe ta gasa a tsohuwar tukunyar ƙasarta da ba ta yarda kowa ya taɓa. In za a yi suna ko biki, ita ake kai wa dawa tun kwana biyu kafin ranar. Da shi na girma, da datun zogale da rama, wato kwaɗon da ake yi da ƙuli-ƙuli da albasa, da fura in an samu nono. Ban taɓa tunanin akwai abin kunya a ciki ba sai da na zo Gusau.

Da na gama sakandare, Gwaggo, ƙanwar babana da ke aikin gwamnati, ta ce zaman banza ya isa haka, in dawo wurinta Tudun Wada in koyi ɗinki. Ta samo mini wuri a shagon wata Hajiya. Mu biyar ne a kan kekuna, duk mata. Ranar farko Gwaggo ta kafa mini sharaɗi, kuma ita ba ta maimaita magana: in karya a gida, in tafi da abincin rana a kula, kada ta ji labarin na tsaya gaban mai suya ko na riƙe kwalbar lemo. Ta ce ranar da ta ji, ranar zan bar shagon. Na ce to. Kular ta yi sati biyu tana bi na, daga nan na fara cewa Hajiya na dafa mana a shago, aka daina zuba mini.

Hajiya ba ta dafa wa kowa komai. Abin da ke akwai shi ne mai awara a bakin ƙofa, da kaskonta da man da ya yi baƙi ƙirin don tun shekaranjiya ake suya da shi ana ƙara sabo a kai. Gefe mai shayi ne, shi ke dafa taliyar leda da ƙwai. Shagon da ke kallonmu kuma yana da firji. Ƙarfe goma fanke da lemo, azahar taliya da lemo, la'asar awara da yaji, in rana ta yi zafi a ƙara wani lemon. Daga ƙarfe takwas har a kira la'asar ina kan kujera, ƙafa ɗaya kawai ke motsi, in an kawo wuta ma ita ɗin hutawa take. Keke Napep ke kawo ni, shi ke mayar da ni. In na koma gida Gwaggo ta ajiye tuwo, sai in taɓa loma biyu in ce na ƙoshi.

Juma'ar farko da kwanon ya zo, ban manta ba. Wani maƙwabcinmu da ke jigila tsakanin Bunguɗu da Gusau ya tsaya a bakin shago ya miƙo shi, an ɗaure da tsohon ɗankwalin Inna. Wallahi daɗi na ji. Na kwance a gaban kowa. Hoce ne a jere har baki, ga ƙullin garin ƙuli, ga busasshen zogale a leda, ga daddawa guda uku a gefe. Ƙamshin ya cika shagon.

Wata daga cikinmu, haifaffiyar gari, wadda ko gyale ta yafa sai mun duba yadda ta yafa shi, ta toshe hanci.

"Kai jama'a, wa ya shigo mana da ƙauye cikin shago? A rufe kafin atamfar mutane ta ɗauka."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har na fi su ƙarfi. Na ce ai tsohuwa ce, ba ta san an ci gaba ba. Na mayar da murfi na tura kwanon ƙarƙashin tebur da ƙafa. Da ƙafa fa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Ƴar Tsafe muke ce mata, matar aure mai ƴaƴa biyu, ta girme ni da kamar shekara uku. Da ƙafa take zuwa daga can ƙarshen gari, da ɗumamen tuwonta ko dambu a ƙaramin kwano, ta zauna ta ci a gabanmu ko a jikinta. Ta leƙa ƙarƙashin tebur ta dube ni.

"Ke, in ba ki ci, ni ina ci. Ba a taka abinci a gabana."

"Ɗauki duka."

"Duka? Allah ya ƙara miki wayewa, ni kuma ya ƙara mini hoce."

Haka aka kafa. Duk Juma'a kwano ya zo, ko kwance shi ba na yi, sai in miƙa mata. Ta ci wani a shago, ta kai wa yaranta saura, ta wanke kwanon tas ta dawo mini da shi ranar Asabar. A wurinmu ba a mayar da kwano fanko, don haka sai in saka sabulu ko ƙullin sukari in ba direba. Inna ta buɗe ta ga kwano a wanke ga tukwici, me za ta ɗauka? Jikarta ta cinye, har tana godiya.

Da na je gida Babbar Sallah, na yi ƙiba. Kumatu sun fito, rigar da na ɗinka wa kaina da azumi ta matse. Mata suka cika tsakar gida suna juya ni kamar tunkiyar da za a saya.

"Kai, Gusau ta karɓi ɗiyar ga!"

Inna na zaune kan tabarma tana tsince dawa, ta ɗago.

"Wace Gusau? Hocena ne. Duk Juma'a sai ta share kwano, ko ɓurɓushi ba ta bari. Ko ba haka ba, ƙawata?"

Ƙawata take ce mini tun ina ƙarama. Ta kamo damtsena ta matsa, tana dariya da ƴan haƙoranta da suka rage. Na ce haka ne, Inna. A lokacin ban ji komai ba. Na ɗauka ƙarya ce mai faranta wa tsohuwa rai, ba ta da illa.

Bayan Sallah jiki ya fara ba ni labari. In tashi da safe kamar an daka ni a turmi. Ƙirji na zafi bayan kowane ci. Ƙuraje suka feso mini a fuska, na shafa duk man da aka ce, a banza. Gwiwa da yatsu suna ciwo, ni da ban cika ashirin da biyu ba. Daga nan idon sawu ya fara tasowa, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Ranar da takalmina ya ƙi shiga, Gwaggo ta gani. Ba ta tambaye ni ra'ayi ba, ta ce in ɗauko mayafi.

Malamar asibitin da muka samu babbar mace ce mai gilashi. Ta gwada jinina ta ce ya ɗan hau, abin da bai kamata ba ga mai shekaruna. Ta rubuta gwaje-gwaje. Sannan ta ajiye biro ta ce in faɗa mata abin da nake ci, daga safe har dare, kada in tsallake komai.

Gwaggo na zaune a gefena, jakarta a cinya, idonta a kaina.

Ina da lokacin da zan faɗi gaskiya. Ba wanda ya matsa mini, matar ma jira take cikin natsuwa. Amma na tuna sharaɗin, na tuna kekena, na tuna Nahuce da zaman banza. Kuma akwai wata kunyar daban, ta a ji cewa katuwar budurwa kamar ni tana rayuwa a kan taliyar yara da lemo. Sai na ji bakina yana cewa, "Abincin gida. Yawanci hoce ne da zogale, kakata ke aiko mini daga ƙauye. Shi nake ci kullum a shago."

Malamar ta gyara gilashinta. Ta ce, "To ai wannan abinci ne mai kyau. Sai dai in gishiri ko kanwa na yawa, a rage. Mu ga sakamakon gwaji tukuna."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Amma Gwaggo kalma ɗaya ta ɗauka ta fito da ita: kanwa. Tun a cikin Keke Napep ta fara. Ta ce dama ta sani, tsofaffin nan ba sa awo, da hannu suke zubawa, ga ido ya tafi. Ta ce ita aka ba amanata, in wani abu ya same ni ita dangin ubana za su tambaya. Ba mugunta ba ce, tsoro ne ya kama ta, na gani a fuskarta. Muna isa gida ta kira matar kawuna da ke zaune gida ɗaya da Inna. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ji tana cewa, "A gaya wa Inna, da girmanta da komai, don Allah ta dakata da aiken nan. Likita ta ce kanwar ce ke kumbura yarinya."

Likita ba ta ce ba. Ni na san ba ta ce ba. Na shige ɗaki na kwanta.

Juma'a ta zo, direba ya wuce bai tsaya ba. Ƴar Tsafe ta yi ta leƙen titi har azahar.

"Ke, ina hocena? Yarana tun jiya suke lissafin Juma'a."

"An daina."

"An daina kamar yaya? Tsohuwar lafiya?"

Na gaya mata sama-sama, ina ɗinki ban ɗago ba. Na ce an je asibiti, an ce kanwa. Ta tsayar da kekenta.

"Kanwar wa? Wadda ke cikin cikina?" Ta ɗaga zani ta miƙo ƙafarta tsakiyar shago. "Dube ta. Wata bakwai nake cin kanwar nan, ni da yara biyu da ubansu. Ina kumburin? Ke dai faɗi wata."

"Ba ruwanki."

"Da ruwana, tunda ni na ci. Kin kai tsohuwa kin tsayar a rana, ke kin shige inuwa da kwalbar lemonki. Allah ya sawwaƙe."

Sauran suka duƙufa kan kekunansu. Haifaffiyar garin nan ma sai ta koma gyaran zare. Na tashi na fita, kuma abin da zai ba ku haushi, wurin mai firji na nufa. Na sha lemon a tsaye ina huci kamar ni aka yi wa laifi.

Bayan sati biyu na tare direban da kaina, na ce ina labarin gida. Ya kashe mota ya dube ni da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo.

"Ai maganar ta zaga gari. An ce hocen Inna ya kusa kashe ki. Sunan da anka yi gidan liman makon jiya, wata anka kai wa dawa. Mata na cewa idonta ya tafi, kanwa take zubawa awa gishiri. Ita ko ta kife tukunya. Ya ƙafar taki?"

Na ce da sauƙi. Babu wani sauƙi. Sati biyu babu hoce a Gusau, ƙafa na nan yadda take. Gwaggo ta ce ai abin da ya daɗe yana taruwa ba ya fita rana ɗaya.

Da yamma na kira wayar matar kawu na ce a ba ni Inna. Na shirya maganar tun a hanya, kalma bayan kalma. Na ji ana ja mata wayar, ana cewa ta kara a kunne ba a baki ba.

"Ƙawata? Ya jikin?"

"Da sauƙi, Inna."

"To alhamdu lillahi. Ki yafe mani, kin ji? Ni ban san idona ya lalace haka ba. Ina zuba abin da na saba zubawa, ashe hannu ya fi ido sauri. Da na sani ko guda ba ni aika maki."

"Inna..."

"Mi? Ɗaga murya, wanga abu ba ya jin magana."

"Ba komai. Na ce ki gaida mutan gida."

Tsohuwar da ta goya ni, ita ke roƙona gafara a kan abincin da na tura ƙarƙashin tebur da ƙafa. Na ajiye wayar na zauna a bakin gado, ko kuka ya ƙi zuwa.

Ranar karɓar sakamako Gwaggo na da taro a ofis, sai na tafi ni kaɗai. Malamar ta duba takardu ta ce ba a ga wata babbar cuta ba, amma akwai alamun da ba ta so, kuma abin bai yi mata daidai da abincin da na lissafa ba. Ta cire gilashi.

"Yau babu kowa. Sake faɗa mini."

Na faɗa. Fanke, taliya, awara, baƙin mai, lemo uku wani lokaci huɗu, zama daga safe zuwa yamma. Da kwanon, da ƴar Tsafe, da wayar Gwaggo. Ban rage komai ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin daɗi. Ta ce ba za ta rantse cewa abinci kaɗai ne ba, za ta ci gaba da duba ni, amma sukari mai yawa da farin fulawa da man da aka yi ta maimaita suya da shi, in suka haɗu da zama wuri ɗaya, suna sa jiki ya riƙa wani irin kumburi daga ciki, kamar garwashin da aka rufe da toka, ba a ganin wuta amma yana ci. Ta ce irinmu ta fi gani da wannan: samari da ƴan mata da suka fara aiki a gari, ba su da tukunyar kansu, abincinsu na bakin titi, ƙafarsu ba ta taka ƙasa. Iyayenmu da ke cin dawa da ganye suna tafiya gona, nasu ciwon daban ne.

Na tuna shagonmu. Mu huɗu marasa aure, kowace da abin da take kuka da shi, wannan ƙirji, wannan ciwon kai, kowace da ƙullin magani a jaka. Mai ɗumamen tuwo da muke wa dariya ita ce ba ta taɓa fashin zuwa ba.

"Abin da kakarki ke aiko miki," in ji malamar, "shi zan ce ki koma ci. Kin kyautar da shi, sannan kin ɗora masa laifi." Ta mayar da gilashinta ta ja takarda. "Maganin ƙafa zan iya rubutawa. Na tsohuwa kuma ba a nan ake bayarwa ba."

Daga asibiti da ƙafa na koma shago, karo na farko. Na isa ina haki, ƴar Tsafe ta dube ni ta ce, "Yau kuma Napep ɗin yajin aiki suke?" Ta turo mini kwanon dambunta ba tare da ta sake kallona ba, na sa hannu.

Barin lemo ba shi ne mai wuya ba, ko da yake har yanzu in an buɗe firjin can sai na ji maƙogwarona ya motsa. Mai wuyar shi ne maganar ba a ɗaki ta tsaya ba. Da ƙaryar tsakanina da Inna ce, da sai in raɗa mata a waya, ta ce Allah ya shirye ki, a wuce wurin. Amma a tsakar gida aka ce idonta ya mutu, a gaban matan da shekara da shekaru suke kawo mata dawa. In na gyara a ɓoye, tukunyar za ta ci gaba da zama a kife.

Kwanon ƙarshe yana nan wurina, tun da aka daina aike ban mayar ba. Ga abin da na yanke. Gobe da safe kafin Gwaggo ta fita ofis zan gaya mata da bakina, in ta ce in bar shagon, na bari, ita ta kafa sharaɗi ni na karya. Zan roƙe ta abu ɗaya, ta kira matar kawu da wayar da ta kira ta da farko. Ranar Juma'a kuma zan shiga motar maƙwabcinmu da kwanon a cinyata, fanko, babu sabulu babu sukari. Ƴar Tsafe ta ce za ta bi ni in mijinta ya bari, wai dama tana so ta ga matar da ta ciyar da ita wata bakwai, kuma a ga ƙafarta. Zan jira bayan an sauko masallaci, lokacin da mata ke shigowa gaida Inna, in tsaya a tsakiyarsu in faɗi abin da na ci da abin da ban ci ba, da wanda ya ci. Su yi dariya, su kira ni duk sunan da suka ga dama. In na gama zan auno dawa da kaina in kai niƙa, in ajiye garin a gabanta, in je in tayar da tukunyar.